Obadiya Mai Rediyo da Kuɗin Kaza Takwas

"Kaza nawa ke nan yanzu?"

Muryar Salomi ce ta keto bangon da ya raba ɗakina da nasu, da hantsin wata Asabar a farkon daminar 1986. Mai gidan hayarmu ya yi tsimin laka lokacin da yake gina bangon nan, saboda haka duk abin da aka tattauna a ɗakin Obadiya mai rediyo da ni ake yi, ko ina so ko ba na so.

"Maman Roda, ba a auna ilimi da kaza," in ji Obadiya.

"A gidan nan da ita ake auna shi. Da bakinka ka ce akwatin ba zai wuce kuɗin kaza takwas ba. Jiya ka sa masa ƙararrawa. Ƙararrawa kaza nawa ce?"

"Uku."

"Agogon fa?"

"Huɗu. Amma agogon mai kyau ne."

"Sha biyar ke nan. Baban Roda, wace marar hankali ce za ta sayar da kaza sha biyar ta sayi abin da kaza takwas ke yi mata kyauta, su ba ta ƙwai, ta kuma yanka ɗaya ranar Sallah?"

"Alhaji ne ya roƙa."

"Alhaji ya roƙa! Da kanka ya roƙa, da ka cire ka miƙa masa, har da ba shi haƙuri cewa ba a yi aski ba. To ka ji da kyau. In aka yanke gero akwatin nan bai fara ciyar da mu ba, zan rubuta wa Yaya Ernest ya turo mota. Ka je Kaduna ka zauna a shagonsa kana miƙo masa noti."

Na ji ƙarar murfin tukunya, sannan na ji Obadiya ya fita yana jan silifa.

Obadiya ya zo Dutsin-Ma a 1976 daga wajen Zonkwa, yana biye da wani ɗan kwangila da ya zo jan waya a sababbin ajujuwan firamare. Ɗan kwangilar ya gama ya tafi, ko kuma ya tafi bai gama ba, ya danganta da wanda ka tambaya. Obadiya dai ya zauna. Ya kafa tebur kusa da tasha, ya aika aka kawo masa matarsa da keken ɗinkinta, kuma cikin shekara goma babu rediyon da bai leƙa cikinta ba tun daga Kuki har Kurfi. Gajere ne, mai sanƙo, kullum yana ƙanshin dalma. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne ba ya cewa a'a. Ka kawo masa rediyon da jaki ya taka, zai ce a bari ya duba. Wasu suka ce kirki ne. Wasu suka ce halin baƙo ne, mai gudun ɓata wa 'yan gari rai. Ni ma haka na ɗauka, har zuwa shekarar akwati.

Asalin akwatin, zabuwa ce. Kowa ya san ba ta iya uwa ba: za ta zuba ƙwai a gindin sabara ta manta inda ta zuba. Shi ya sa da damina mata ke sayen ƙwan zabbi su sa wa kaza mai kwanci. Sai dai kaza ba ta rufe fiye da goma sha biyu ko sha uku, kuma ba ranar da kake so take kwanci ba. Obadiya ya haɗa akwatin katako mai cin ƙwai ɗari, da fitilar kananzir a ƙarƙashi tana ba da ɗumi, da wata 'yar ƙofar kwano a sama wadda ke buɗewa da kanta in zafi ya yi yawa. Mai yanke hukuncin a buɗe ko a rufe wani ɗan baƙin abu ne da bai kai tsawon yatsa ba, mai ƙananan ƙafafu jere a gefe biyu. 'Yan tasha suka raɗa masa suna shanshani, sunan ya bi shi.

A Kano ake sayen shanshani, amma jahili yake zuwa. Sai an kai shi Zariya wurin wani abokin Obadiya, Alfred, wanda ke da na'urar da ake zuba masa umarni. Obadiya ya taɓa yi mini bayani a tsakar gida, yana nunawa da tsinken tsintsiya. Duk sabon aikin da ka ɗora wa shanshani, zai cinye ƙafa ɗaya, zai ƙara shan batir, kuma sai an koma Zariya an sake masa karatu. Ƙafafun kuma a ƙirge suke. In sun ƙare sai ka sayi babban yayansa, wanda kuɗinsa kuɗin rago ne.

"Ka ga, Malam, duk dabarar ita ce sanin abin da za ka bari," ya ce mini. Ban taɓa jin mutum ya faɗi gaskiya irin wannan ya kuma juya mata baya da sauri haka ba.

Akwatin farko ya fito tsaf, daidai kuɗin kaza takwas, wato adadin kajin da za su rufe ƙwai ɗari. Ya ajiye shi a kan teburinsa na tasha. Kwana biyu bayan nan Alhaji Lawal na Kurfi, dillalin hatsi, ya tsaya da fijonsa.

Dole a san wani abu game da Alhaji Lawal. Shi da Alhaji Mamuda na Karofi, dillalin wake, jirgi ɗaya suka shiga zuwa Makka, aka ba ɗaya kujerar taga. Har yau ba a daidaita kan wanda aka ba ba, amma tun daga ranar in ɗaya ya sa haƙorin Makka ɗaya, ɗayan sai ya sa biyu. Babu mai zabuwa ko guda a cikinsu.

"Injiniya!" in ji Alhaji Lawal.

Ina wurin, na kawo tocila a duba mini. Shekara goma ana kiran mutumin nan mai rediyo. Da idona na ga kafaɗunsa sun tashi kamar an hura masa iska da famfon keke.

"Ina son irin wannan. Amma in an buɗe murfin, ya yi ƙara."

"Saboda ɓarayi, Alhaji?"

"Wane ɓarawo? A zaure zan ajiye shi."

Ba a yi mako ba sai ga Alhaji Mamuda. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Me ka sa wa na Lawal?"

"Ƙararrawa, Alhaji."

"To nawa ƙararrawa da agogo."

Alhaji Lawal ya ji labarin agogo, ya dawo ya ce a sa rediyo, don ƙwai su ji labaran duniya tun suna ciki. Alhaji Mamuda ya ce fitilu masu ƙiftawa, ja da kore. Alhaji Lawal ya ce fanka. Obadiya ya yi murna, ya ce lallai iska na da amfani ga ƙwai.

"Ba ciki za ta kalla ba," in ji Alhaji. "Waje. Inda nake zama."

Kowace buƙata, Obadiya sai ya kaɗa kai ya ce, "Za a iya." Ya rufe tebur ya hau motar Zariya. Rediyoyin mutane suka taru a ƙarƙashin gado, masu su suka fara kai nasu Katsina. Ƙafafun shanshani suka ƙare, aka sayo yayansa. Salomi ta ba shi shawara mai sauƙi: ya yi wa Alhazai haukansu daban, ya ci gaba da yin na kaza takwas don mata. Ya dafa ƙirji ya ce shi ba zai yi na mai kuɗi daban na talaka daban ba, duk abin da Alhaji ya samu, tsohuwar ƙauye ma sai ta samu. Maganar ta yi daɗi a kunne. Amma ta kai kuɗin akwati kaza talatin da ɗaya, kuma babu tsohuwar ƙauyen da ta tambaya. Akwatin farko kuwa aka mayar da shi bayan ɗaki, Salomi na zuba albasa a ciki.

Ita ma Salomi ina lura da ita. Kullum Kaduna a bakinta, amma a makon da ta yi rantsuwar nan na ga ta dasa gwaiba a tsakar gida, har da kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Mai shirin tashi ba ta dasa gwaiba. A Dutsin-Ma ita ke ɗinka wa rabin 'yan makaranta riguna, matan unguwa na kiranta Maman Roda da girmamawa. A Kaduna kuwa ɗaki ɗaya za a ba su a bayan gidan yayanta Ernest, ƙarƙashin ikon matarsa Mabel, wadda rabon da su yi magana tun wani biki da aka yi musu kan wanda ya ƙona shinkafa. Motar Ernest sanda ce take ɗagawa, tana addu'ar kada a sa ta ta buga.

Ana cikin haka, wata ranar kasuwa, wata tsohuwa, Gogo, ta zo gidan daga Rawayau. Shekararta talatin tana sayar da 'ya'yan zabbi, kuma ita kaɗai ce cikin duk masu zuwa ta taɓa riƙe ƙwan zabuwa don wani abu ban da ci. Obadiya ya fito da sabon akwatin tsakar gida, ya kunna mata komai. Fitilu suka ƙifta, fanka ta kaɗa mata gyale, rediyo ta yi mata sallama. Gogo ta zauna a kan turmi tana kallo kamar mai kallon ɗan da ya dawo daga birni da wando mai faɗin ƙafa.

"Ɗan nan, duk wannan tarkacen mine ne? Kashe, kaina na juyawa. Ni abu guda nika so. Ka huda mini rami nan gefe, wanda hannuna zai shiga."

"Rami, Gogo?"

"In ji ɗumin da hannuna. Kaza ma hannu nika sa mata ƙarƙashi."

Obadiya ya yi murmushi irin na malamin da ɗalibi ya yi wa tambayar yara. Ya ce shanshani ya fi kowane hannu sanin zafi, ya ce koren fitila na nufin lafiya, ja na nufin matsala.

"Shi wannan ƙwaron naka ya taɓa ganin fitar ɗan tsako?"

"Bai taɓa ba tukuna."

"Ni ko na ga ta dubu. Huda mini."

Sai Obadiya ya miƙe tsaye, ya ce, "A'a, Gogo. Ba zan huda ba."

Salomi ta tsayar da keken ɗinki. Ni ma na leƙo ta taga. Shekara goma garin nan na jiran a'ar Obadiya, ga ta ta fito, kuma ta faɗa kan buƙatar da ba ta cin ƙafa ko ɗaya, ba ta shan batir, ba ta buƙatar zuwa Zariya, ba ta kai kuɗin gashin kaza ba. A nan na gane ba kirki ke sa shi cewa to ba, ba kuma tsoron baƙunta ba. Duk abin da Alhazai suka roƙa yana ƙara wa shanshani girma, girman shanshani kuwa nasa ne. Ramin Gogo shi kaɗai ne ke cewa akwai abin da hannun tsohuwa ya sani wanda Injiniya bai sani ba.

Washegari ya tafi Zariya. Salomi ta juye albasarta a tabarma, ta ɗauko akwatin farko, ta huda gefensa da zafaffen ƙusa da wuƙar yankan kuɓewa. Don kada ɗumi ya tsere ta ramin, ta yanke hannun tsohuwar kwat ɗin Obadiya ta zuwa coci, ta kafe shi a bakin ramin, yadda za a zura hannu ta ciki a zaro ya rufe kansa. Ta aika wa Gogo. Da Obadiya ya dawo ya tarar da kaji takwas na kiwo a gindin gwaiba.

"Maman Roda, waɗannan fa?"

"Wurin albasa suka fito."

Ya ce Allah ya sa albarka, ya shige ɗaki da sabon shanshaninsa. Bai lura akwati ya ɓace ba, balle hannun riga.

Ranar wata Juma'a aka kai wa Alhaji Lawal nasa. Ya sayi ƙwai ɗari, ya sa aka kafa akwatin a tsakiyar zaure, ya tara jama'a bayan an sauko daga masallaci. Asabar da azahar sai ga ɗan saƙo a kan babur: Alhaji na neman Injiniya yanzu-yanzu. Obadiya ya hau baya suka tafi. Abin da ya faru, daga baya na ji shi ta bango, ba wuya a gane shi. Rediyo ta kwana ta wuni tana magana, fanka na ta yi wa Alhaji fifita, kowane baƙo sai ya ɗaga murfi ya ji ƙararrawa. Batir ya mutu. Da ƙararrawa ta daina kuka mutane suka daina ɗaga murfi. Shanshani ya suma, 'yar ƙofar kwano ta zauna a rufe, ita kuwa fitilar kananzir ba ruwanta da batir, ta ci gaba da aikinta da gaskiya.

Obadiya ya shiga zauren yana shirin a ci masa mutunci. Ya tarar da mutum wajen ashirin a kan tabarmi, ga kwanon gishiri ga na yaji, kowa na ɓare ƙwai.

"Injiniya!" Alhaji Lawal ya taso ya rungume shi, baki cike da gwaiduwa. "Ashe ɓoye mini ka yi! Ashe har dafuwa yana yi! Don Allah na Mamuda yana dafawa?"

"Ba ya yi, Alhaji."

"Alhamdu lillahi. Ka bar shi haka."

Ya dawo gida da ƙwai goma a ƙulle cikin hankici, tukuicinsa. Da zaginsa aka yi, da ya sami abin riƙewa, ya ce ba su san ilimi ba. Amma an yaba masa ne a kan kashe ƙwai ɗari, kuma babu wanda ya ma tuna don me aka sa su a ciki. Yammacin nan ban ji faɗa ta bango ba. Muryarsa kawai na ji, can ƙasa: "Maman Roda, rubuta wa Yaya Ernest."

Ta rubuta, tunda ta rantse. Amma na ga tana ƙirga wani abu da yatsu kafin ta sa ranar da motar za ta zo, kuma ta sa ta can bayan an gama ɗaure dammunan gero.

Saura kwana biyar motar ta iso, Gogo ta yi sallama. Jaki na biye da ita, akwati a gefe ɗaya, kwando a ɗayan, kwandon yana ta tsuwwa. Ta buɗe shi a tsakar gida, 'ya'yan zabbi masu zane a ka suka watsu har ƙarƙashin keken ɗinki.

"Saba'in da uku," in ji ta. "Sauran dama ba su da rabo."

Obadiya ya durƙusa. Bai kalli 'yan tsakin ba, akwatin yake kallo, da hannun kwat ɗinsa yana lilo a gefe, har da maɓallansa biyu.

"Wannan rigata ce."

"Da ma ta yi maka kaɗan," in ji Salomi.

"Sau biyu ƙwaronka ya gaji," Gogo ta ci gaba. "Hannuna ya ji zahi, na rage lagwani, na aika aka canzo batir. Amma in hwaɗi gaskiya, ranar da na tahi suna Kurfi na wuni, shi ya tsare mini. Na dawo na iske ya buɗe 'yar ƙoharsa, komi lahiya. Yana da hankali, ba laihi. Bai dai kai kaza ba, amma ba ya tashi ya bi zakara."

Ta ce mata shida a Rawayau da Kuki na son irinsa, da rani ƙwan kaji za su sa. Kaza takwas-takwas. Da rami. Ta ce in ya kuskura ya sa musu fanka, ita da kanta za ta dawo masa da su a ka.

Obadiya ya daɗe a durƙushe. Sannan ya naɗe hannun rigarsa, ya zura hannu ta cikin ramin, ya bar shi can ciki ko da yake fitilar a kashe take.

Na bar gidan a 1989, na bar su a ciki, gwaibar ta fara 'ya'ya, kuma babu tsohuwar kwat da ta rage a hannun 'yan gwanjon Dutsin-Ma da ke da hannuwa biyu. Amma ba a ranar Gogo aka yanke hukuncin zamansu ba. An yanke shi ranar da motar Ernest ta tsaya a ƙofar gida, da safe, fijon Alhaji Mamuda kuma ta tsaya a bayanta ta toshe lungun.

Ernest ya fito da igiyoyin ɗaure kaya, ya ce a yi sauri hanya da nisa. Alhaji Mamuda ya ture shi gefe. Sai a makon nan labarin dafaffen ƙwai ya kai Karofi, kuma kwana uku bai ci abincin kirki ba.

"Babban Injiniya!" ya ce. "Na ji abin da ka yi wa Lawal a ɓoye. Nawa ya dafa, ya kuma soya. Sayo babban shanshanin da ya fi kowanne. Ko wata uku za ka yi a Zariya, ni zan ɗauki nauyi."

Obadiya na tsaye a bakin ƙofa, zarto a hannu, garin katako a sanƙonsa. Wata uku a Zariya, ma'anarsa matan Rawayau su nemi wani, shi kuma ya koma inda ya fito. Duk da haka na ga kafaɗun nan sun fara tashi. Babban Injiniya ba ƙaramar magana ba ce. Salomi na bayansa ta harɗe hannuwa. Ɗaya daga cikin kaji takwas ɗin ta ratsa ta tsakanin ƙafafunsa ta fita waje abinta. Ya bi ta da kallo har ta sha kwana.

Ya juya ga surukinsa. "Yaya Ernest, ka yi haƙuri da wahalar hanya. Shigo, za a yanka maka kaza. Tunda ga mota, in ka huta akwai katako a tasha da za ka ɗauko mana."

Sannan ya dubi Alhaji Mamuda, ya ɗan rusuna.

"Alhaji, ƙafafun sun ƙare, waɗanda suka rage na ƙwai ne. Yanzu rami kawai nake sawa. Amma na Alhaji Lawal ba shi da ko ɗaya. In kana so, sai in huda maka biyu."